Wuta da Maganaɗisu: Yadda Horon Wuta ke Sauya Halin Gamin Ƙarfe Mai Tsaba



1. Gabatarwa

Sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa zama a maƙera cewa ƙarfe ɗaya yana iya fitowa daga wuta da hali biyu. In maƙeri ya gasa bakin gatari har ya yi ja, sa'an nan ya tsoma shi a ruwa, sai ya yi tauri. In kuwa ya bar shi ya huce a cikin toka sannu a hankali, sai ya yi laushi har magagari ya ci shi. Maƙerin bai ƙara wa ƙarfen kome ba, bai kuma rage masa kome ba. Tsarin cikinsa kurum wuta ta sauya. Irin wannan sarrafawa ta dumamawa da sanyayawa bisa ƙa'ida ita za a riƙa kira horon wuta a cikin wannan lacca.

Manufar laccar ita ce bin wannan magana zuwa wani fage da idon maƙeri ba ya kaiwa, watau fagen maganaɗisu. Akwai wani rukuni na gamin ƙarfe wanda a cikinsa ake samun 'yan mitsi-mitsin tsaba masu maganaɗisu a warwatse cikin wani ƙarfe daban, kamar yadda tsakin gero kan warwatsu a cikin kunu. Ƙarfen da ya rungumi tsabar shi za a kira uwar gami. Za a nuna cewa halin irin wannan gami ya dogara ga abubuwa uku: girman tsabar, da siffarta, da ratar da ke tsakaninta. Waɗannan uku kuwa wuta ce ke yanke hukunci a kansu.

2. Fuskoki biyu na zafi

A shekarar 1600, William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta Ingila, ya wallafa littafinsa a kan maganaɗisu. A ciki ya bayyana cewa baƙin ƙarfen da ya yi ja zur a wuta ba ya amsa kiran maganaɗisu, sai ya huce. Har ila yau ya lura cewa in maƙeri ya daki sandar ƙarfe mai zafi tana fuskantar kudu da arewa har ta huce, takan fito da ɗan maganaɗisu nata na kanta. Kusan shekara ɗari uku bayan haka, a 1895, Pierre Curie na Faransa ya bi wannan al'amari da awo, shi ya sa matakin zafin da ƙarfe ke rasa maganaɗisunsa ake kiransa matakin Curie. Na baƙin ƙarfe digiri 770 ne a ma'aunin Salshiyas, na nikel wajen 358, na kobal kuwa wajen 1,120.

Dalilin haka shi ne, kowace ƙwayar zarra ta waɗannan ƙarafa uku tamkar 'yar ƙaramar allurar kamfas ce, kuma akwai wani ƙarfi da ke sa maƙwabta su fuskanci waje ɗaya. Zafi kuwa girgiza ce ta ƙwayoyin zarra. Idan girgizar ta rinjayi wancan ƙarfi, sai sahu ya watse. Idan ƙarfen ya huce, sai sahun ya sake haɗuwa. Wannan ita ce fuska ta farko, kuma mai wucewa ce.

Fuska ta biyu ita ce ta fi shafar wannan lacca. Idan ƙarfe ya yi zafi, ko da bai narke ba, ƙwayoyin zarrarsa sukan sami sukunin yin ƙaura daga gurbi zuwa gurbi, masu kama da juna su nemi juna. Da zarar an sanyaya shi, kowace ƙwaya sai ta tsaya a inda sanyi ya riske ta. Wannan sauyi mai ɗorewa ne, ba ya warwarewa don ƙarfe ya huce.

3. Girman tsaba da halinta

Ma'aunin da ya dace da wannan fage shi ne nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Tsabar kobal mai faɗin nanomita 5 tana ɗauke da ƙwayoyin zarra wajen 6,000 ne kacal.

A 1907 Pierre Weiss ya kawo ra'ayin cewa guntun ƙarfe yana rarrabe ne zuwa yankuna, waɗanda za a iya kira unguwanni. A kowace unguwa alluran suna fuskantar waje ɗaya, amma unguwa da unguwa sun saɓa, shi ya sa ƙusa ba ta jan 'yar'uwarta. Idan aka kawo maganaɗisu daga waje, iyakokin unguwannin kan gusa, wadda ta dace da shi ta faɗaɗa, sauran su tsuke. Gusar da iyaka ba ta da wuya, saboda haka babbar tsaba tana da sauƙin kai: tana karɓar maganaɗisu nan da nan, tana kuma sakinsa nan da nan.

Idan tsaba ta ƙanƙance zuwa 'yan gomiyoyin nanomita, babu sauran wurin yin iyaka a cikinta, sai ta zama unguwa guda. Frenkel da Dorfman sun yi hasashen haka a 1930, Kittel ya daidaita lissafinsa a 1946, sa'an nan Stoner da Wohlfarth na Jami'ar Lids a Ingila suka bayyana yadda irin wannan tsaba ke juyawa a 1948. Ba a iya juya ta sai an juya alluranta duka gaba ɗaya, kuma wannan aiki ne mai wuya, musamman in tsabar doguwa ce kamar sanda. A nan ne taurin kai ke kai maƙurarsa.

Amma ƙanƙanta ma tana da iyaka. A 1949 Louis Néel, wanda ya sami kyautar Nobel a 1970, ya nuna cewa ƙarfin da ke riƙe da tsaba a fuska ɗaya yana raguwa tare da jikinta, har a kai inda girgizar zafin ɗaki kawai ta isa ta riƙa birkita ta. Sai tsabar ta shiga rawar kai, yanzu tana duban gabas, an jima tana duban yamma. Bambancin girman da ke raba taurin kai da rawar kai ɗan kaɗan ne ƙwarai. Bisa ga lissafin Néel, dunƙulalliyar tsabar kobal mai nanomita 7 ba ta cika daƙiƙa guda a fuska ɗaya a zafin ɗaki, alhali mai nanomita 9 tana iya riƙe fuskarta shekaru gomiya-gomiya.

Ke nan halaye uku ne a jere: rawar kai ga 'yar mitsitsiya, taurin kai ga matsakaiciya, sauƙin kai ga babba. Horon wuta shi ne ke ɗaukar gami daga wannan mataki zuwa wancan.

4. Jan ƙarfe da kobal

Misalin da ya fi fito da wannan magana fili shi ne gamin jan ƙarfe da kobal. Jan ƙarfe ba shi da maganaɗisu, kuma ba ya shiri da kobal sai a kan tilas. A zafi mai tsanani yakan narkar da ɗan kobal a jikinsa, kamar yadda ruwan zafi ke shanye sukari, amma a sanyi kusan ba ya riƙe ko kaɗan. In aka sanyaya gamin da gaggawa, kobal ba ya samun damar fita, sai ya maƙale ƙwaya-ƙwaya a cikin uwar gami. Akan yi haka ta hanyar tsiyaya narkakken gami a kan wani gargaren jan ƙarfe mai juyawa da gudu, ya daskare ya zama siririn ƙyalle, zafinsa na sauka da saurin da ya kai digiri miliyan a daƙiƙa.

Daga nan sai a mayar da shi tanderu a gasa shi. Ƙwayoyin kobal sai su fara neman juna suna curewa, kamar yadda man shanu ke fara fitowa ɗigo-ɗigo idan ana kaɗa nono a gora. Da farko tsabar tana da yawa, kuma ƙanana ce. In aka ci gaba, manya su riƙa cinye ƙanana, yawan tsaba ya ragu, girmanta ya ƙaru, rata ta buɗe. Ka'idar da Lifshitz da Slyozov da kuma Wagner suka fitar a 1961 ta nuna cewa a wannan mataki, kafin faɗin tsaba ya ninka sau biyu, sai lokacin gashi ya ninka sau takwas. Ƙarin zafi kuwa ya fi ƙarin lokaci tasiri nesa ba kusa ba, domin ƙarin 'yan gomiyoyin digiri yana iya mayar da aikin wuni ya zama na sa'a guda.

A 1957 J. J. Becker na kamfanin General Electric a Amurka ya bi wannan tafiya a gamin jan ƙarfe mai kobal wajen kashi 2 cikin ɗari. Ya ga gamin ya tashi daga rawar kai, taurin kansa ya hau har ya kai ƙololuwa, sa'an nan ya gangaro yayin da tsabar ta ƙara girma. Har ya mayar da awon maganaɗisu hanyar gane girman tsabar da ido ba ya gani.

Bayan shekara talatin da 'yan kai, wannan tsohon gami ya sake ɗaukar hankalin masana. A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa in aka jera siraran shimfiɗu na baƙin ƙarfe da kuromiyam, turjiyar da suke yi wa wutar lantarki tana faɗuwa sosai idan aka kawo musu maganaɗisu. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2007. A 1992 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Berkowitz a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, da ta Xiao da Jiang da Chien a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa ba lalle sai da shimfiɗu ba: tsabar kobal a cikin jan ƙarfe ma tana yin haka.

Bayanin shi ne, ilektiron da ke ɗauke da wutar lantarki shi ma yana da tasa 'yar allura, mai duban sama ko ƙasa. In ya iso bakin tsabar da ta dace da allurarsa yakan wuce salin-alin, in kuwa ta saɓa masa sai ya yi karo ya kauce. Lokacin da tsabar ke fuskantar ko'ina barkatai, babu ilektiron da ke tsira daga karo. Idan maganaɗisun waje ya jera su sahu ɗaya, sai kashi ɗaya na ilektiron ya sami buɗaɗɗiyar hanya, turjiya ta ragu.

A nan ne muhimmancin daidaita wuta ke bayyana. In gashi bai isa ba, yawancin kobal yana nan a narke cikin uwar gami, yana tare wa ilektiron hanya ko da maganaɗisu ko babu, 'yar tsabar da ta fito kuma rawar kanta ta yi yawa, ba ta jeruwa da sauƙi. In kuwa gashi ya wuce gona da iri, sai a yi asarar bakin tsaba, inda mafi yawan karon ke faruwa. Lissafin a fili yake: in tsaba takwas suka haɗe suka zama ɗaya, faɗinta ya ninka biyu, amma jimillar fatar da ke kewaye da su ta ragu da rabi. Ga kuma rata ta yi nisa, har ilektiron ya manta fuskar da ya baro kafin ya iso tsaba ta gaba. Saboda haka amfanin yana tsakiya. A ƙyallen da ke da kobal wajen kashi 10 cikin ɗari, akan same shi ne a gashin digiri 400 zuwa 500, lokacin da tsabar ba ta wuce 'yan nanomita ba.

5. Alniko: horo don taurin kai

Tun kafin a fahimci wannan ka'ida, masana'antu sun ci moriyarta. A 1931 Tokushichi Mishima na Jami'ar Tokyo a Japan ya gano cewa gamin baƙin ƙarfe da nikel da alminiyam yana ba da maganaɗisu na dindindin wanda ya fi na zamaninsa taurin kai. Daga nan aka sami dangin gamin da ake kira Alniko, bayan an ƙara kobal da ɗan jan ƙarfe. Wanda ya fi shahara a cikinsu yana da kobal wajen kashi 24, nikel 14, alminiyam 8, jan ƙarfe 3, ragowar kuwa baƙin ƙarfe.

Akan kai shi zafin da ya haura digiri 1,200 don kome ya gauraye. Yayin da yake saukowa tsakanin digiri 900 da 800, sai ya rabu gida biyu da kansa: tsaba mai yawan baƙin ƙarfe da kobal, mai ƙarfin maganaɗisu, a cikin uwa mai yawan nikel da alminiyam, mai rauninsa. A 1938 Oliver da Shedden a Ingila suka nuna cewa in aka sanyaya irin wannan gami a cikin fagen maganaɗisu, ƙarfinsa yakan ƙaru ta fuskar da fagen ya nuna, kuma masanan kamfanin Philips a Holan suka kai dabarar ga cikar amfani. Abin da ke faruwa shi ne tsabar tana miƙewa ta zama 'yan sanduna masu kaurin 'yan gomiyoyin nanomita, dukkansu a jere. Daga ƙarshe a yi masa doguwar gashi a wajen digiri 600, don bambancin tsaba da uwa ya ƙara fitowa. Maƙerin Gilbert da sandarsa mai duban arewa kakan wannan dabara ne ta fuskar aiki, ko da yake abin da ke gudana a cikin ƙarafan biyu ya bambanta.

Shekaru da dama Alniko ne ke cikin lasifika da mitocin lantarki da ƙananan injuna. Daga baya wasu maganaɗisai, musamman na niyodimiyam da aka gano a farkon shekarun 1980, suka karɓe yawancin kasuwarsa. Duk da haka ana nemansa har yanzu a wuraren aiki masu zafi, domin yana jure kusan digiri 500.

6. Finemet: horo don sauƙin kai

Zuciyar taransifoma akasin haka take bukata. Wutar da ke kai-kawo sau 50 a daƙiƙa tana juya maganaɗisun zuciyar ba hutawa, kuma duk wata gardama da ƙarfen ya yi, asarar wuta ce da ke tafiya a zafi. A 1988 Yoshizawa da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi Metals na Japan suka bayyana wani gami da aka sa wa suna Finemet. A kowace ƙwayar zarra ɗari, 73.5 baƙin ƙarfe ne, 13.5 silikon, 9 boron, 3 niyobiyam, 1 jan ƙarfe.

Ana fara yin sa ne da waccan sanyayawa ta gaggawa, ya fito ƙyalle marar tsaba, ƙwayoyinsa a hargitse kamar na gilashi. Sa'an nan a gasa shi a wajen digiri 550 na tsawon sa'a guda. Jan ƙarfen nan ɗan kaɗan shi ke fara curewa, ya zama iri wanda tsaba ke tsirowa a kansa a wurare bila adadin. Niyobiyam kuwa nawa gare shi wajen ƙaura, sai ya taru a gefen kowace tsaba ya hana ta ƙiba. A ƙarshe akan sami tsaba mai nanomita 10 zuwa 15, cunkushe da juna.

Mai sauraro yana iya tambaya: ashe ba an ce tsaba mai irin wannan girma ko dai ta yi taurin kai ko rawar kai ba? Amsar tana ga uwar gami. Jan ƙarfe yana raba tsabar kobal da juna, kowace ta ci gashin kanta. Uwar Finemet kuwa ita ma tana da maganaɗisu, saboda haka tana ɗaure tsaba da tsaba. Kowace tana da fuskar da ta fi so, amma da yake ɗaruruwa ne a ɗaure wuri guda, son wannan yana kashe son waccan, sai taron ya zama ba shi da zaɓi, duk inda aka juya shi ya bi. Giselher Herzer a Jamus ya bayyana wannan a 1989 da 1990, ya nuna cewa a wannan fage, in faɗin tsaba ya ninka biyu, taurin kai yana iya ninkawa sau 64. In kuma zafi ya haura digiri 600 da yawa, sai baƙin ƙarfe ya haɗu da boron su haifar da wata tsaba mai gardama, aikin ya lalace.

Niyobiyam ɗin nan daga ma'adinin kolumbait ake iya samunsa, wanda ake haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos. A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbait, ko da yake yanzu mafi yawan niyobiyam daga Barazil yake fitowa.

7. Faifan ajiya: inda fuskokin biyu suka haɗu

Gamin jan ƙarfe da kobal bai shiga na'urar karanta faifan kwamfuta ba, domin yana bukatar maganaɗisu mai ƙarfi kafin tsabarsa ta jeru. Masu shimfiɗu ne kamfanin IBM ya sa a kasuwa a 1997. Amma fuskar faifan kanta, inda ake ajiye bayanai, gami ne mai tsaba, kowace ba ta kai nanomita 10 ba. Neman ƙarin ajiya yana tilasta rage girman tsaba, lissafin Néel kuwa yana gargaɗin cewa in aka ƙetare iyaka, rawar kai za ta share abin da aka rubuta.

Mafitar da aka samu ita ce gamin baƙin ƙarfe da filatinam. In aka shimfiɗa shi a sanyi, ƙwayoyinsa a cakuɗe suke, taurin kansa kaɗan ne. In aka hore shi da zafin da ya haura digiri 500, sai su jeru, layin baƙin ƙarfe, layin filatinam, taurin kansa ya kai inda na'urar rubutu ba ta iya juya shi. Don haka a lokacin rubutu akan haska ɗan ɗigon wurin da hasken leza, zafinsa ya wuce digiri 400 ya kusanci matakin Curie na ƙasa da ƙiftawar ido, a juya shi, ya huce ya riƙe. A 2024 kamfanin Seagate ya sanar da fitowar fayafai masu aiki da wannan dabara. Zafi mai ɗorewa ya gina tsabar, zafi mai wucewa kuma yana buɗe ta a rubuta.

8. Kammalawa

Misalan nan huɗu sun nuna cewa sanin abin da aka zuba a cikin gami rabin sani ne. Ragowar rabin yana ga sanin digiri nawa, minti nawa, da saurin hucewa, da ko an sanyaya shi a fagen maganaɗisu. Kobal ɗin da ake haƙowa a Kwango, wadda ke samar da fiye da rabin na duniya, da niyobiyam irin na Jos, ba su zama maganaɗisun lasifika ko zuciyar taransifoma sai sun bi ta tanderun da aka san sirrinsa, kuma a bakin wannan tanderu ne mafi yawan darajarsu ke ƙaruwa. Ɗaliban kimiyya da injiniya da ke wannan zaure za su lura cewa kayan da Becker ya yi aiki da su a 1957 ba su wuce tanderu mai riƙe zafi daidai, da ma'aunin maganaɗisu, da haƙurin maimaita awo ba. Yawancin abin da aka faɗa a nan da irin waɗannan kaya aka fara gano shi.